Daga Kwanar Dangora zuwa gasar duniya: Abin da ya raba 'yan kokawar Kano da tawagar Najeriya

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Dangora da kaka ya kalli yadda ake lodin masara, ba sai an gaya masa akwai ƙarfi a kudancin Kano ba.

Saurayi zai ranƙwafa, abokan aikinsa su ɗora masa buhu a kafaɗa, ya taka har bakin mota, ya sauke, ya dawo ya ɗauki wani. Haka zai wuni. Da magariba ya karɓi ɗan abin da ya samu, ya sayi shayi da burodi, gobe ma ya dawo.

Kwanar tana kusan tsakiyar hanya tsakanin Kano da Zariya. Daga nan ne titi ya ɓalle ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, ya faɗa Saminaka da Jos. Amfanin gonar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa yana bi ta nan zuwa manyan kasuwanni.

Irin wannan jiki da noma da dako suka gina shi ne wasu ƙasashe ke nema ruwa a jallo. Sukan ɗauko yaro daga ƙauye, su horar da shi, su sanya masa rigar ƙasa, ya je ya ciyo musu lambar zinare a gasar kokawa ta duniya.

Najeriya ma tana da tawagar kokawa, kuma tana cin lambobi. Sai dai idan aka duba sunayen da ke ɗaga tutar ƙasar, za a ga akasarinsu daga Bayelsa da Ondo da makwabtansu suke. Ƙasar Hausa, wadda kokawa ke cikin tsofaffin wasanninta, ba a cika jin ɗuriyarta ba.

Ranar da Senegal ta zo Abuja ta ɗauke kofi

Daga 6 zuwa 8 ga Maris, 2025, Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar kokawar gargajiya ta ƙasashen ECOWAS karo na 13, a cikin Filin Wasa na Moshood Abiola da ke Abuja. Gasar ta zo daidai da shekarar da ƙungiyar ta cika shekara 50 da kafuwa.

Ƙasashe 11 ne suka halarta, kowacce da 'yan kokawa biyar. An kara a ajin nauyi biyar: kilo 66 da 76 da 86 da 100 da 120. A karon farko kuma an saka mata a gasar.

A kan yashi aka yi ta, ga kiɗa, ga 'yan kallo, kusan irin yadda aka saba gani a filayen ƙasar Hausa. Duk da haka, Senegal ce ta zo ta ɗaya a karawar tawaga da tawaga, Najeriya mai masaukin baƙi ta biyu, Benin ta uku. A karawar ɗaiɗaiku ma, ajin manya uku duk Senegal suka tafi.

Akwai kuma kujerar da aka gani babu kowa. Nijar, wadda ita da Senegal suka daɗe suna gwabzawa a wannan gasa, ba ta zo ba, domin a ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewarta daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso ta tabbata. Shekara da shekaru 'yan kokawar Dosso da Maraɗi da Tawa da Damagaram ne ke nuna wa Afirka ta Yamma irin kokawar da Bahaushe ya sani. Da suka fita, sai giɓin ya fito fili.

Yadda ƙasashe ke karawa a duniya

Kafin a je da nisa, ya kamata a bambance abu biyu. Resilin ɗin da ake kallo a talabijin, inda ake dukan mutum da kujera, wasan kwaikwayo ne da aka tsara wanda zai ci tun kafin a fara. Kokawar da ƙasashe ke yi a Olamfik da gasar duniya kuwa gaske ce, babu naushi, babu duka, kuma babu wanda ya san wanda zai yi nasara sai an tashi.

Hukumar da ke kula da ita a duniya ita ce UWW, mai hedikwata a Siwizalan. Kafin 2014 sunanta FILA.

Gasar tana da rassa uku. Akwai salon Gireko-Roman, wanda ba a yarda a kama ƙasa da ƙugu ko a sa ƙafa ba. An fara gasarsa ta duniya a birnin Biyana a 1904. Akwai salon firistayil, wanda aka yarda a kama ƙafa kuma a yi taɗiya, shi ne ya fi kusa da kokawar Hausa. Gasarsa ta duniya ta farko an yi ta a Helsinki a 1951. Na uku shi ne na mata, wanda aka fara gasarsa ta duniya a 1987, ya shiga Olamfik a 2004.

A gasar duniya kowane reshe yana da ajin nauyi 10. A firistayil na maza ana farawa daga kilo 57 har zuwa 125. Ƙasa ba ta da damar kawo fiye da mutum ɗaya a kowane aji. A Olamfik ajin shida ne kacal a kowane reshe, shi ya sa samun gurbi ke da wuya.

Kowa shi kaɗai yake shiga fage, amma makinsa ƙasarsa ake tara wa. Wanda ya ci zinare ya samo mata maki 25, azurfa 20, tagulla 15, a yi ta raguwa har zuwa na goma. Ƙasar da ta fi tara maki ita ke ɗaukar kofin reshen. Ke nan gwani ɗaya ba ya ciyo kofi, sai ƙasa tana da gwanaye tun daga ƙananan aji har zuwa ƙarti.

A gasar da aka yi a Zagreb ta ƙasar Kuroshiya a watan Satumban 2025, Iran ce ta lashe rassan maza biyu, Japan ta lashe na mata. A Olamfik ta Paris a 2024, Japan ta kwashe zinare takwas daga cikin 18, yayin da Mijain Lopez na Kyuba ya ci zinarensa na biyar a jere tun daga 2008.

An kuma riƙa yin Kofin Duniya da aka faro a birnin Toledo na Amurka a 1973, inda tawaga ke fuskantar tawaga aji bayan aji, kamar yadda aka yi a Abuja.

Yashi daban, katifa daban

A filin gargajiya kaye ɗaya ne. Da zarar bayan mutum ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare, makaɗa su canza kiɗa, a ɗauki gwani a kafaɗa, masu liƙi su shigo.

A kan katifa kuwa, kayen farko maki biyu ne kawai, kuma wasa bai tsaya ba. Wanda aka kayar zai kifa ciki ya manne da katifa, na sama ya yi ta ƙoƙarin mirgina shi. Duk juyi ɗaya da ya nuna bayansa ga katifa maki biyu ne. Fitar da mutum daga da'ira maki ɗaya ne. Ɗaga shi daga tsaye a maka shi da baya maki huɗu ne, wani lokacin biyar.

Ana yin turmi biyu, kowanne minti uku, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Wasa kan ƙare kafin lokaci idan an danne kafaɗun mutum biyu a katifa, ko aka ba shi tazarar maki 10 a firistayil, ko takwas a Gireko-Roman.

A nan ne ɗan kokawar ƙauye ke shan wahala idan ya hau katifa da girmansa. A tsaye ya iya: ya san yadda ake neman ƙugu, ya san sa ƙafa, ya san yadda ake karanta nauyin abokin karawa. Amma duk rayuwarsa an koya masa cewa faɗuwa ita ce ƙarshe, don haka bai taɓa koyon abin da ake yi bayan an faɗi ba. Yaron da bai kai shi ƙarfi ba zai iya mirgina shi sau biyar a jere, a tashi wasa cikin minti ɗaya.

Sai batun sikeli. A dandali da ido ake haɗa sa'a da sa'a. A gasar ƙasa da ƙasa ana awo da safiyar kowace ranar karawa, kuma a Olamfik ba a yafe ko giram ɗaya. A Paris, 'yar Indiya Vinesh Phogat ta kai wasan ƙarshe a ajin kilo 50, amma da safe aka auna ta aka ga ta ɗara da kimanin giram 100. Aka cire ta, ta koma gida ba ko tagulla.

Laya da guru da kambu ma ba sa hawa katifa, domin doka ta hana sanya duk wani abin da zai iya ji wa abokin karawa ciwo. Ana kuma gwajin fitsari. Tun daga 1 ga Janairu, 2024, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta saka tiramadol cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Saurayin da ya saba haɗiyar ƙwaya don ya jure aikin ƙarfi, ko shan jiƙon da bai san abin da aka zuba a ciki ba, zai iya rasa lambarsa a ɗakin gwaji bayan ya ci ta a fage.

Bayelsa ta gina gada

'Yan kokawar Bayelsa ma ba a kan katifa aka haife su ba. Ƙabilar Ijo tana da kokawarta ta gargajiya, gari da gari suna karawa da kiɗa da waƙa, kamar dai yadda ake yi a Arewa.

Daga irin wannan fage Daniel Igali ya fito, a ƙauyen Eniwari. Shi ne kyaftin ɗin tawagar kokawar Najeriya a Gasar Ƙasashe Renon Ingila ta 1994 a Kanada. Da aka gama bai dawo ba, ya nemi mafaka a can. A 1999 ya zama zakaran duniya, a 2000 ya ci zinare a Olamfik ta Sidni a ajin kilo 69, amma da tutar Kanada.

Daga baya ya dawo gida. A 2013 ya zama shugaban Hukumar Kokawa ta Najeriya, ya kuma riƙe kujerar kwamishinan wasanni a Bayelsa. Yenagoa ta zama sansanin tawagar ƙasa, akwai ɗakin horo, akwai masu horarwa, kuma gwamnatin jihar tana ɗaukar nauyin gasar ƙasa da ake yi a garin. Yaron da ya yi fice a kokawar ƙauye ya san inda zai nufa da wanda zai tarar.

Sakamakon bai ɓuya ba. A Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, Blessing Oborududu ta ci azurfa a ajin kilo 68, lambar farko da Najeriya ta taɓa samu a kokawar Olamfik. Ta kuma zama zakarar Afirka fiye da sau 10.

A Akure ta Jihar Ondo, koci Purity Akuh ya raini Odunayo Adekuoroye, wadda ta ci azurfa a gasar duniya ta 2017 a Paris, da tagulla a 2015 da 2019 da 2023. A Birmingham a 2022, ita da Oborududu da Mercy Genesis sun ci zinare uku. A Gasar Wasannin Afirka da aka yi a Akara a watan Maris na 2024, matan Najeriya sun share duka zinare shida na ɓangarensu.

Sai dai wannan nasara ƙafa ɗaya take tafiya da ita. Cikin 'yan kokawa shida da Najeriya ta kai Paris a 2024, biyar mata ne, namiji ɗaya. Har yau babu namijin da ya ci wa Najeriya lambar kokawa a Olamfik. A Afirka ma, ɓangaren maza ya fi zama a hannun Masar da Aljeriya da Tunisiya.

Wannan shi ne abin da ya shafi kudancin Kano kai-tsaye. Da wuya uba a Kiru ko Doguwa ya yarda 'yarsa ta sanya rigar kokawa mai ɗame jiki ta shiga fage, kuma ba a nan buƙatar take ba. Inda tawagar ƙasa ke da rauni shi ne ɓangaren maza, inda yankin ke da jama'a. Iran ba ta kai mata wannan gasa, amma tana ɗaukar kofunan maza, tunda kowane reshe lissafinsa daban.

Abin da Nijar da Indiya suka yi

Ba sai an je nesa ba. A 1975 Nijar ta fara gasar Takobin Ƙasa a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yau filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, na Dosso kuma sunan Salma Ɗan Rani.

Kowace shekara jihohin ƙasar takwas suna kawo mutum goma-goma, 80 ke nan, a yi kwanaki ana fafatawa, gidan talabijin na ƙasa yana nunawa kai-tsaye. Kafin mutum ya shiga cikin goman jiharsa, sai ya tsallake tankaɗe da rairaya tun daga ƙananan matakai. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Dosso, ya ɗauki takobin sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. A wayoyin samarin Kano ma ana kallon bidiyonsa.

Abin lura a tsarin Nijar shi ne tsani. Yaro a ƙauye ya san matakin da ke gabansa, ya san watan da ake gasa, ya san cewa idan ya ci akwai mataki na gaba. Daga cikin waɗannan zakaru ake zaɓar masu wakiltar ƙasa.

Indiya kuma ta nuna yadda ake sauya ƙasa da katifa. Masu kallon finafinan Indiya sun san Dangal na 2016, wanda Aamir Khan ya fito a matsayin Mahavir Singh Phogat, mutumin Jihar Haryana da ya koya wa 'ya'yansa kokawa a kan turɓaya. A fim ɗin, da ya rasa kuɗin katifar wasa, katifun kwanciya ya shimfiɗa musu. 'Yarsa Geeta ta ci zinare a Gasar Ƙasashe Renon Ingila ta 2010 a Delhi.

Kalmar da aka sa wa fim ɗin suna ce ta gasar kokawar ƙauye, irin wadda ake yi a fili ana ba da kyauta. Indiyawa ba su kashe ta ba. Sun bar ta tana tace yara, sannan suka buɗe cibiyoyin da ake koya musu dokokin katifa tun suna ƙanana. Ta wannan hanya Sushil Kumar ya ci tagulla a Olamfik ta 2008, ya zama zakaran duniya a 2010, ya ci azurfa a 2012.

Inda igiyar ta tsinke

Kamar sauran ƙasar Hausa, kokawa a kudancin Kano wasan kaka ce. Idan an kai amfani gida, ciki ya ɗauka, ga farin wata, sai samari su fito dandali. Unguwa ta kara da unguwa, gari ya gayyaci gari, makaɗi ya kira sunan gwani da na ubansa har tsikar jikinsa ta tashi.

Abubuwa da dama sun rage wa wannan al'ada armashi. Noman rani ya cinye lokacin da a da ake hutawa, musamman a garuruwan da ke amfana da ruwan Tiga, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Waɗanda ba su da fadama kuma sukan tafi ci-rani. Gidajen kallon ƙwallo sun ɗauke taron dare, yaron da bai san sunan zakaran kokawar garinsu ba ya haddace 'yan wasan Real Madrid da na Arsenal. Wasu malamai da iyaye ma suna ƙyamar abubuwan da kan biyo taron, irin su tsafe-tsafe da caca da cakuɗuwar maza da mata, ko da yake ita kanta kokawar malamai sukan kawo labarin Rukana don nuna halascinta.

Dambe ya fi ta sa'a. Yana da gida a filin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano, yana da masu zuba kuɗi, yana da ɗimbin 'yan kallo a YouTube da Facebook. Saurayi mai ƙarfi da ke son suna da abin kashewa ya san cewa dambe ne ke biya yanzu-yanzu.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 14 a wani ƙauyen Tudun Wada, wanda babu sa'ansa da ke kai shi ƙasa. Kafin ya sanya rigar Najeriya, sai wani ya gan shi ya kai sunansa ga masu kula da kokawa a matakin jiha. Sai ya samu katifa da koci, ya yi shekaru yana koyon kokawar ƙasa. Sai jiha ta kai shi Gasar Matasa ta Ƙasa ko Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara tun 1973, domin a irin waɗannan wurare ne masu zaɓen tawagar ƙasa ke zuba ido. Sai kuma ya mallaki takardar haihuwa da fasfo, tunda UWW ta raba gasanninta gida-gida: 'yan ƙasa da shekara 15, da 17, da 20, da 23, sannan manya.

A matakin farko ake rasa yawancin irin wannan yaro. Sunansa ba ya wuce garuruwan da ke jin kiɗan garinsu. Kafin wani ya ankara ya kai shekara 22, ya yi aure, buhun masara ya zama sana'a. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Asarar ba ta tsaya a lambar yabo ba. Soja da 'yan sanda da Sibil Difens da Kwastam duk suna da ƙungiyoyin wasanni, kuma 'yan wasa da dama ta nan suka samu aikin albashi. Yaron da ba a taɓa kai shi gasa ba, wannan ƙofa ma a rufe take gare shi.

Ƙofar da ke kan yashi

Akwai wata dama da ba a cika magana a kanta ba. UWW tana da reshen kokawar bakin teku, wadda ake yi a kan yashi, a cikin da'ira mai faɗin mita bakwai. A tsaye ake yin ta, babu kokawar ƙasa. Turmi ɗaya ne na minti uku, wanda ya fara samun maki uku ya ci. Kayar da mutum ko fitar da shi daga da'ira maki ɗaya ne, maka shi da baya maki uku ne, wasa ya ƙare nan take.

Duk wanda ya taso a dandali zai ga cewa wannan ƙanwar kokawar Hausa ce. Ba ta buƙatar katifa mai tsada ko ɗaki mai rufi. Yashi take so da igiya da sikeli da alƙalin da ya san doka, kuma yashi ba abin nema ba ne a rafukan da ke malala zuwa Tiga.

Wannan salo yana cikin wasannin Olamfik ta Matasa da aka tsara yi a Dakar daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba, 2026, karon farko da za a yi wata gasar Olamfik a Afirka. Senegal, wadda ta buɗe katafaren filin kokawa na ƙasa a Pikine a 2018, a gida za ta tari baƙi.

A ɗaya ɓangaren kuma wata ƙofa ta rufe. An cire kokawa daga Gasar Ƙasashe Renon Ingila ta 2026 a Gilasgo, gasar da Najeriya ta saba kwasar zinare a cikinta. Ke nan gasar Afirka da ta ECOWAS da ta duniya sun ƙara daraja ga duk ɗan kokawar da ke neman a san shi.

Abin da ba ya buƙatar biliyoyi

Gina ɗakin horo irin na Yenagoa aikin gwamnatin jiha ne. Amma matakin farko na tsanin bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, bai ma fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi ko ɗan majalisar da ke raba kofin ƙwallo duk shekara ba.

Kiru da Bebeji mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, Tudun Wada da Doguwa ma haka. Gasa ɗaya bayan girbi, wadda kowace ƙaramar hukuma za ta tace gwanayenta daga mazaɓu, sannan a haɗu a Kwanar Dangora a fitar da zakaru, za ta samar da abin da babu shi a yanzu, wato rajista mai ɗauke da suna da shekaru da nauyi. Da ita za a iya tunkarar hukumar wasanni ta jiha da Hukumar Wasannin Gargajiya ta Najeriya, wadda kokawa da dambe da langa ke ƙarƙashinta.

Sharuɗɗan su ne a raba yara da manya, a yi awo da sikeli, a samu ma'aikacin lafiya a bakin fili, a yi da rana, a kuma gayyato masu horarwa su zauna su kalla. Idan hakimai da dagatai da limamai suna cikin tsarin tun farko, uban da ke ɗari-ɗari zai fi sakin jiki ya bar ɗansa ya shiga. Malaman motsa jiki na makarantun sakandare su ne suka fi dacewa a fara koya wa dokokin, domin su ke tare da yaran a shekarun da ake buƙatarsu.

Olamfik ta gaba a Los Anjalas za a yi ta a 2028, kuma waɗanda za su nemi gurbinta sun riga sun daɗe a kan katifa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ta Birisben a Ostireliya sai 2032. Yaron nan ɗan shekara 14 da ke kayar da sa'anninsa a bayan gari zai kasance ya ɗan haura 20 a lokacin, shekarun da ɗan kokawa ke shiga ganiyarsa.

Ko zai kasance a sansanin tawagar ƙasa a wannan shekara, ko yana bakin mota a Kwanar Dangora da buhu a kafaɗa, ya danganta da ko akwai wanda zai rubuta sunansa a kakar bana.